Gimbiyar da Ta Ƙi Barin Kogo

A yi wa Dogon Dutsi barka. Garuruwa da yawa a ƙasar Arewa suna da kasuwa, wasu har da kwalta, amma gari ɗaya ne Allah ya ba Mushe Halilu, wato Malam Halilu a bakin masu Faransanci. Tun ranar da ya ajiye alli a lakwal, makarantar boko ke nan, ya ɗauki biro, adabi ya samu uba, soyayya ta samu mai gadi. Da ya ga mutanen gari suna jinkirin yi masa kirari, sai ya taimake su, ya raɗa wa kansa Zakin Alƙalami. 'Yan kabu-kabu, waɗanda ba su san girman manya ba, Takobin Biro suke kiran sa. Yana ɗaga musu hannu, don a wurinsa takobi takobi ne.

Kowace Alhamis bayan la'asar yakan shiga gidan rediyon gari ya karanta wa duniya labarinsa, na Sadauki Halil da Gimbiya Marwa. Sadaukin nan dogo ne, mai murya kamar tsawar farkon damina, yana da ɗan sanƙo wanda marubucin ya ce alamar zurfin tunani ce. Duk wanda ya ga kama tsakaninsa da wani, idonsa ne.

Mushe Halilu ya san mace ciki da waje, kuma ba ya rowar saninsa. A teburin mai shayi yake rabawa.

"Mace a cikin labari fure ce," in ji shi. "Aikinta uku: a sace ta, ta yi kuka, a ceto ta. In ta wuce nan, labari ya lalace."

Sau da yawa yana cikin wannan bayani matarsa Ladidi take wucewa da bido, jarkar ruwa, a ka, wani a hannu, don famfon unguwarsu ya daɗe da yin shiru. Yakan ɗan matsa da ƙafarsa ta wuce. Mutum ne mai tausayi.

To, kowane sadauki yana bukatar mugu, kuma a nan ne basirar Mushe ta kai ƙololuwa. Ya ƙirƙiro Aljani Gurmuɗu, wanda ya sace Gimbiya ya kai ta kogon dutse. Ya daɗe yana tunanin yadda zai wulaƙanta shi. Ƙaho? Ƙaho kwarjini ne. Wuta a baki? Yara ma sai su so shi. Can sai haske ya sauko masa: babu ƙasƙancin da ya kai a ga namiji da taɓarya. Nan take ya ɗora wa aljanin aikin gida kaf. Gurmuɗu ya tashi da sassafe ya ja ruwa a rijiya mai zurfi irin ta Dogon Kiriya. Gurmuɗu ya yi sussuka, ya yi surfe, ya yi daka, ya ɗebo itace, ya dama fura ya kai wa Gimbiya har bakin tabarma. Don kuma a tabbatar ba shi da sauran mutunci, sai ya zauna ya tambaye ta abin da ke damun ta, ya yi shiru har ta gama magana. Mushe yana rubutawa yana dariya har da hawaye.

Shi kuwa Sadauki Halil yana kan hanya. Ya daɗe a kan hanya, don kowane gari ya isa sai ya tsaya ya yi wa jama'a jawabi a kan jaruntakarsa. Gero ya tsiro, ya yi kai, aka girbe shi, Sadauki bai iso ba. Dokinsa har ya yi ƙiba.

Ba a jima ba saƙonni suka fara zuwa. Matan Tibiri suka aiko a gaida Gurmuɗu da aiki. Masu tallan nono a kasuwa suka riƙa tambayar Mushe ko hannun bawan Allah ya yi kanta. Wata tsohuwa daga Lugu, inda aka san iskoki da sunayensu, ta aiko da ƙwaryar gero, ta ce ta ga iska iri-iri a rayuwarta amma ba ta taɓa jin mai surfe ba, a ba Gurmuɗu. Mushe ya karɓa da hannu biyu. Ya ce ko mugun da ya ƙirƙira ya fi jaruman wasu marubuta farin jini. Geron kuma ya kai wa Ladidi ta daka.

Ranar da ya sanar cewa mako mai zuwa Sadauki zai sare kan aljani, shugabar gidan rediyon, Madam Nazifa, ta kira shi ofis. Ta gaya masa a fili: in ya kashe Gurmuɗu, mata za su kashe rediyo, ita kuma za ta ba mai karanta farashin awaki filinsa na Alhamis. Mushe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Awaki! A filin Zakin Alƙalami!

"Madam," ya ce, "a buɗe waya, jama'a su zaɓa wa Gimbiya. In suka zaɓi aljani, da hannuna zan miƙa wa awaki kujerata. Amma tun da aka halicci duniya ba a yi macen da ta ga takobi ta bi taɓarya ba."

Madam Nazifa ta ce ta yarda, da saurin da ya kamata ya ba shi tsoro.

Alhamis ta zo da rana mai laushi, inuwar dutse ta miƙe bisa gari kamar mai hutawa. Mushe ya sa babbar riga, ya yi wanka da turare. Ya umarci Ladidi ta kunna rediyo, yau za ta ji yadda ake ceton mace. Tana tsugune gaban wanki ta ce to. A bakin ƙofa ya tattare rigarsa ya tsallake bidunan da ke jere babu ko ɗigo, ya tafi ceto.

Karatun ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Sadauki ya iso bakin kogo ya zare takobi. Ya tarar da aljani yana tankaɗe, Gimbiya tana kishingiɗe da lalle a ƙafa. Ya yi jawabi har sai da mai kula da na'ura ya yi hamma. Sannan aka buɗe waya.

Na farko wani saurayi ne ɗan kasuwa, wanda ya ce daga aljanin har sadaukin babu muharraminta, a rufe labarin baki ɗaya. Mushe ya lissafa shi a nasa ɓangare. Daga nan sai mata. Wata ta tambaya ko Sadauki ya iya hura wuta. Wata ta ce in ya ɗauke Gimbiya, wa zai ja mata ruwa a fada, jawabi? Wata daga Dogon Kiriya ta ce a bar takobin a kogo, zai yi amfani wajen faskare. Mushe yana murmushi yana gumi. Ya ce wa masu sauraro a yi haƙuri da su, ba su taɓa zama da namijin gaske ba ne.

Sai kira na ƙarshe ya shigo. Muryar ta yi sallama a natse, ta ce, "Mushe, sannu da aiki." Ya gane ta tun kafin ta rufe baki, ƙirjinsa ya buɗe kamar ƙofar zaure.

"Jama'a, ku kasa kunne," ya ce. "Ga wadda ta san sadauki ido da ido. Uwargida, faɗa musu."

"Na san shi ƙwarai," in ji Ladidi. "Shi ya sa nika roƙo a bar ɗiyar mutane inda take. Amma ba wannan ta sa ni kira ba. Tambaya gare ni, ni da maƙwabta da munka taru nan."

"Bismilla."

"Aljanin ga, yana da ƙane?"

Mushe ya cire tabarau, ya shiga gogewa.

"In yana da shi," ta ce, "gidanmu na nan bayan lakwal, mai shuɗiyar ƙofa. Ba shi ɓacewa. Bidunan na bakin ƙofa, inda ka tsallake su."

Alhamis ta gaba, bayan la'asar, aka karanta farashin awaki. Akuya mai nono ta yi daraja. Tsohon bunsuru kuwa, in ji mai karantawa, an kai shi kasuwa an komo da shi.