Rasuwar Janar Mai Kan Bokiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu suke yaji saboda hayaƙi, iyalan Mai Fanka na ƙarshen layi suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar Janar, wanda ya bar mu ranar Asabar da hantsi a tsakar gida, bayan gajeriyar jinyar da shi bai nema ba. Rai baƙon duniya ne, balle ran da aka haɗa da gam da ƙusa.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar sanin marigayin ba, Janar mutum-mutumi ne, kwafin wani jarumin ƙarfe da Mai Fanka ya gani a fim tun yana saurayi. Har gobe bai san sunan fim ɗin ba, domin ya shiga an riga an fara, wuta kuma ta ɗauke kafin a gama. Sai dai abin da ya gani a tsakiya ya zauna masa daram a rai: ƙaton ƙarfe mai jajayen idanu ya tsaya a bakin wata gada, ya juyo da kai a hankali, hayaƙi ya turnuƙo masa ta baki, maƙiya suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mai Fanka ya yi aure, ya tara iyali, furfura ta fara leƙo masa, sannan ya zauna a bayan shagonsa na gyaran fanka ya ƙera nasa. Kan dai bokitin ƙarfe ne aka kife. Ƙirjin kwalin firji ne da ya sha fenti ruwan azurfa. Hannuwa bututun ruwa, kafaɗu murafen tukunya, idanu fitilun bayan keke. A wuya ya sa masa sifirin na tsohuwar kujerar babur, shi ya sa duk sa'ad da iska ta kaɗa ko babbar mota ta wuce a titi, sai Janar ya gyaɗa kai cikin natsuwa ya ce ƙiii.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da kyawun hali. Bai taɓa katse wa kowa magana ba. Bai taɓa tambayar me aka dafa ba, balle ya ce gishiri ya yi yawa. Sirrin gida bai taɓa fita ta bakinsa ba. A zamaninsa awakin maƙwabta sun daina shigowa, kuma mai karanta mitar lantarki ya taɓa cire hula ya gaishe shi, ya tsaya jiran amsa har sai da aka ji tausayinsa aka sallame shi.

Marigayin ya fara zama ne a falo, amma zaman bai yi tsawo ba. Wata rana matar Mai Fanka ta fito da tiren shayi ta yi kiciɓis da shi a bayan labule, tire ya yi gabas, kofuna suka yi yamma. Ta ce a zaɓa, ko ita ko shi. Mai Fanka ya yi shiru na ɗan lokacin da har yau ake yi masa gori a kai, sannan ya kinkimi Janar ya kai shi baranda, gaban ɗakin mahaifiyarsa.

Inna tsohuwa ce tukuf, yanar ido ta rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani. Da ta fito da tabarmarta ta ga dogon abu tsaye, sai ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. An ba ka ruwa kuwa?" Daidai nan wata motar yashi ta wuce. Janar ya gyaɗa kai, ƙiii. Tun daga ranar Inna ta yi aboki. Da an karya kumallo za ta shimfiɗa tabarma a gefensa ta ɗauko zance: gwiwarta, marigayi mijinta, jikokin da ke wuce ta a guje, maƙwabciyar da ta ari rariya tun kafin a sa kwalta a titi. Janar yana tsaye yana gyaɗa kai. Mutanen gida suka sha dariya a ɓoye, suka yi shawara kada wanda ya gaya mata. Wanda ya fi kowa murna kuwa shi ne Mai Fanka, kuma wannan sanarwa ba za ta rufa masa asiri ba. Yana son mahaifiyarsa, wannan babu ja, amma hirarta tana da tsawo, shi kuma a tsaye yake gaishe ta, ƙafa ɗaya a waje. Da Janar ya karɓi aikin sauraro, sai Mai Fanka ya ji an sauke masa kaya, ya koma bayan shago da zuciya wasai. A duk gidan, marigayin ne kaɗai yake jin labarin Inna daga farko har ƙarshe.

Ciwon ajalin ya faro ne daga zuciyar mai shi. Kowa ya ga Janar sai ya yaba, shi kuwa Mai Fanka sai ya girgiza kai ya ce, "Saura hayaƙi." Na fim ɗin yana fitar da hayaƙi, nasa ba ya yi, abin ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Ranar da ya zo ɗaukar marigayin zuwa tiyatar farko, Inna ta riƙe masa ƙafar wando.

"Auta, ina za ka kai mini baƙo?" Haka take kiran Mai Fanka, domin shi ne ɗanta na ƙarshe.

"Ɗan gyara ne, Inna. Yanzu zan dawo da shi."

"Shi ya ce maka wani abu na damunsa? Mutum lafiyarsa ƙalau, jiya ma mun yi hira har rana ta take."

Mai Fanka ya yi murmushi ya wuce da shi. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Tiyatar farko ta ruwan zafi ce. Ya ajiye kwano a cikin cikin marigayin don tururi ya hau ya fito ta baki. Tururin ya ga babu dalilin wahala, ya tsaya a inda yake ya jiƙa kwali. Janar ya fito daga wannan jinya da tumbi, wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ta biyu ta maganin sauro ce, irin na kunnawa mai naɗi. Wannan karon Mai Fanka ya sakankance, har ya gayyato surukinsa da ya kawo ziyara, ya sa masa kujera a gaba. Aka kunna, aka rufe ciki, aka zuba wa bakin Janar ido. Shiru. Can sai ga hayaƙi siriri yana fitowa cikin ladabi, amma ta baya, ta tsagar da aka bari don sa batir. Iska ta kaɗa, marigayin ya gyaɗa kai kamar mai amsa laifi. Suruki ya toshe hanci da hula, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe," ya tuna ana jiransa a wani wuri. Amfani ɗaya da aka samu shi ne sauro ya yi ƙaura daga barandar na tsawon mako.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Amma idan ajali ya yi kira, ko babu ciwo sai an je. Kiran ya zo ne ta bakin Mai Walda, aminin Mai Fanka, wanda ya shigo da waya a hannu yana cewa ya samo maganin. Bidiyo ne na wani mutum yana sa wa irin wannan mutum-mutumi hayaƙi, yana ta bayani da yaren da babu wanda yake ji a cikinsu. Suka kashe sauti suka bi hannuwansa. Sun ga waya mai zafi, sai suka farke tsohon dutsen guga suka ciro tasa. Sun ga auduga, suka yagi matashin kujera. Sun ga ya ɗiga wani farin ruwa daga 'yar kwalba marar rubutu. Mai Walda ya tsayar da bidiyon, ya ƙura ido, ya rantse da sana'arsa man keken ɗinki ne. Daga ƙarshe sun ga wata 'yar fanka da ba ta kai tafin hannu ba, wadda za ta riƙa tura hayaƙin zuwa baki. A nan ne girman kai ya motsa.

"Wannan ce fanka?" in ji Mai Fanka. "Ni za a nuna wa fanka? Wannan ko shayi ba za ta huce ba." Ya shiga shago ya ɗauko injin fankar tebur mai lamba uku, ya ɗaure a ƙirjin Janar.

Ranar Asabar aka tsayar da marigayin a tsakar gida. Inna tana kan tabarma tana tambayar ko an dawo mata da baƙonta ke nan. Mai Fanka ya jona waya, ya danna lamba ɗaya. Dole a faɗi gaskiya don girmama mamaci: Janar bai taɓa yin kyau kamar na wannan ɗan lokaci ba. Idanu suka yi ja, girgizar inji ta juyo da kansa a hankali, hayaƙi ya turnuƙo ta baki sak yadda yake a fim. Mai Fanka ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya koma saurayin nan da ke zaune a kan benci baki buɗe. Daɗi ya kwashe shi, ya danna lamba uku.

Fankar ƙwararre ce, ta yi aikinta. Hayaƙi ya koma baƙi, ya fara fita ta hammata, ta wuya, ta tsohuwar hanyar nan ta baya. Fenti ya kumbura. Harshen wuta ya leƙo ta tumbi. Marigayin ya shiga gyaɗa kai da sauri, ƙiii ƙiii ƙiii, bai yi musu da ƙaddara ba ko kaɗan. Mai Walda ya matso zai hura, ya koma baya babu gira. Matar Mai Fanka ce ta taho a guje da bahon wanki, ta sheƙa masa ruwan kumfa har da singiletin mijinta a ciki. Janar ya durƙusa, ya ce fuuus, bokiti ya gangara ya tsaya a bakin rariyar ruwa. Har yanzu ana taƙaddama kan ko wuta ce ajalinsa ko ruwa. Matar gidan ta ce ita wuta ta kashe, ba ta kashe kowa ba, kuma duk mai ja ya zo ya same ta a kicin.

Marigayin ya rasu ya bar bokiti ɗaya mai lotsa, ido ɗaya da har yanzu yake kamawa idan an buga shi, da murafen tukunya biyu waɗanda tuni suka koma bakin aikinsu na asali. Sifirin na wuya ba a gan shi ba, ana zaton ya tsallake katanga. Ya bar Mai Fanka, wanda garin neman gira ya rasa ido, da Mai Walda, wanda ya rasa girar ma. Ya bar awakin maƙwabta, da suka shigo ta'aziyya tun kafin toka ta huce suka cinye shukar bakin ƙofa. Ya kuma bar Inna.

Ita ce Mai Fanka ya fi jin nauyin fuskanta. Washegari ya ga ta fito da tabarma kamar kullum, ta shimfiɗa a gefen inda babu kowa, ta zauna ta yi shiru. Abin ya soke shi. Ya shirya ƙaryarsa tsaf, ya je ya tsuguna a gabanta.

"Inna, baƙon nan naki ya yi tafiya. An kira shi gida da gaggawa, ya ce a ba ki haƙuri."

"Auta," ta ce, "idona ne ya mutu, hankalina yana nan. Tun ranar farko na ƙwanƙwasa shi da sandata na ji kwali. Jiya kuma hancina ya halarci komai."

Mai Fanka ya rasa inda zai sa kansa. "To Inna, kin sani, me ya sa kike ta yi masa hira?"

"Da wa kake so in yi? Bango ba ya gyaɗa kai."

Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko a gaban surukinsa. Can ya ce zai ƙera mata wani, wanda ya fi wancan tsayi, har da hannu mai motsi.

"Ka sake ɓacewa bayan shago ke nan, sai an ga hali," in ji Inna. "Kada ka ƙera mini komai. Jawo kujera."

Za a yi jana'izar marigayin gobe da safe, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo da kurarsa. Masu son rakiya za su iya bin gawar har bakin titi. Ana roƙon jama'a kada a zo da sigari, ashana ko maganin sauro. Mai Walda yana iya halarta idan ya bar wayarsa a gida. Masu fanka a wurin gyara su yi haƙuri, daga yanzu shago ba zai riƙa buɗewa ba sai rana ta ɗaga sosai.

Ana karɓar gaisuwa a baranda, inda za a tarar da Mai Fanka zaune a gurbin marigayin. Wanda ya zo ya samu Inna tana magana sai ya nemi wuri ya jira, domin ta ɗauko labarin ne tun daga shekarar aurenta kuma ba ta ko iso haihuwar Mai Fanka ba. Wuyansa ya fara ciwo saboda gyaɗa kai, amma bai tashi ba. Ɗazu ya ji labarin wata yayarsa da ta rasu tana rarrafe tun ba a haife shi ba, labarin da Janar ya daɗe da sani.

Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya kuma bar mana Inna.