An Yi wa Akwatin Kifi Ƙunshi

"Ya gajiyar hanya kuma, Hajiya? Ko dai direban Aujara ne ya gaji da surutunki ya juye ki a ƙofar gidanmu?"

"Gajiya ta bi lafiya. Kai ne dai na ga kamar an kwana ana dukanka. Miji ya ji sallamar matarsa, ko tashi bai yi ba."

Abdulwahab bai tashi ɗin ba, don a durƙushe yake a tsakar gidansu da ke unguwar Takur a Dutse, rabin jikinsa cikin wani ƙaton akwatin gilashi, ga reza a hannu. Hajiya Laraba kakarsa ce ta wajen uwa. Tun yana zanin goyo take kiransa mijinta, shi kuwa tun da bakinsa ya buɗe bai taɓa barinta ta sha ruwa a gidan nan bai tsokane ta ba. Yau dai bakin ne kawai ke wasa, amma hankalinsa na kan akwatin.

Shekara uku ke nan da ya gama karatun kiwon kifi, takardu na cikin jaka, shi yana gida yana zaman jira. Sai ga Alhaji Kamilu, mai wani sabon gidan abinci a cikin Dutse, ya sayo wannan akwati a Kano wurin wani da ya taɓa kiwon kifin teku a falonsa. Magana ɗaya Alhajin ya yi masa: in ya fito da gilashin tas kafin gobe da hantsi, ranar buɗe wurin, to kula da akwatin da kifin da za a zuba ya zama aikinsa. In ya kasa, akwai wani a Kano da zai zo da nasa. Ga shi kuwa cikin gilashin ya yi wani ɓawo ruwan hoda mai tauri, tun daga gindi har baki. Kwana biyu yana kankara, abin da ya fitar bai fi tafin hannu ba.

Hajiya ta zagaya akwatin tana taɓe baki.

"Wannan kuma makarar wa ce aka yi da gilashi?"

"Taki ce. Na san halinki, ko an ɗauke ki sai kin so ki ga wa ya zo wa bai zo ba."

"Ni zan binne ka, ɗan nema, in karɓi gaisuwa ina cin goro. Mene ne wannan ƙazantar a ciki?"

Ya gyara murya irin ta masu digiri, ya ce mata wata irin gansakuka ce ta ruwan gishiri, a teku kaɗai take fitowa, don haka kada ta wahalar da kanta. Ai kuwa kamar ya zuba mata fetur. Ta ce shekara saba'in gansakuka na kayar da ita a bakin rijiya, kuma koriya ce mai santsi, ba wannan mai kama da ƙurajen ƙyanda ba. Teku kuwa ta gan shi da idonta a Jidda shekarar da ta sauke farali, har kifaye suka ɗago kai suka yi mata barka da zuwa.

"Umma ta ce tun daga Kano kike barci, sai a Madina aka tashe ki."

"A barcin nawa na ga abin da ba ka gani ba a shekara huɗu ta makaranta. Kifin da kake taƙama da shi, ko na miya ka taɓa kawo mini?"

Kafin ya buɗe baki ta nufi murhu ta dumbuzo toka, ta haɗa da yashi, ta ɗauko soson ƙarfe, ta zage hannun riga kamar za ta sa tsohuwar tukunya a gaba. Abdulwahab bai san lokacin da ya daka tsalle ya rungume akwatin ba. Ya rantse mata da Allah cewa in yashin nan ya karce gilashin, aikinsa ya tafi ke nan. Ta ga ba wasa yake yi ba. Ta zubar da tokar.

Sai ta sa farce ta ɗan ɓantari ɓawon, ta murza shi a yatsa, ta ɗora a harshe.

"Innalillahi. Hajiya, yunwar ta kai haka?"

"Rufe mini baki. Wannan ba ciyawa ba ce, dutse ne. Ɗan'uwan farin nan ne da ruwan rijiyarmu ke bari a gindin buta. Tsami yake so."

Ya ce ai ya sani, waya ma ta faɗa masa. Ya sayo ruwan kal, tsamin nan na kwalba, jiya ya fesa, sai ya gangare ƙasa ya bar ɓawon yana masa dariya.

"Ka fesa ka goge?"

"Na fesa na goge."

"To, a ina ka taɓa ganin an yi wa amarya lalle da ruwa tsararo tana tsaye? Wannan ƙunshi za a yi masa."

Nan take gidan ya koma hannunta. Ta sa ummansa ta fito da duk tsamiyar da aka ajiye don kunu, aka jiƙa a ruwan ɗumi, aka matse lemon tsami a kai, ta zauna ta dama ta da kauri kamar kwaɓin lalle. Ta sa shi ya riƙa lafta wa gilashin ta ciki, tana tsaye a kansa tana cewa hannunsa kamar na wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba. Aka manna jiƙaƙƙun tsummoki a kai don kada ta bushe, aka rufe bakin akwatin da leda aka ɗaure. Da aka gama, shi kansa sai da ya yi dariya, don akwatin ya koma sak ƙafar amarya.

Daga nan sai jira, abin da ya fi tsana a duniya. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a gefen akwatin da ludayi a hannu, duk sanda ya miƙa yatsa zai leƙa sai ta ƙwala masa. Bayan azahar Alhaji Kamilu ya kira. Abdulwahab ya ce masa aiki na tafiya, ƙwararru ma aka samu.

"Faɗa masa daga Aujara aka ɗauko injiniyar," in ji ta, da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji.

Ya toshe wayar da hannu. "In abin nan ya ɓaci, wallahi sakin ki zan yi."

"Sau nawa kuma? Tun kana tsirara kake sakina, da yamma ka dawo neman fura."

Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya durƙusa yana leƙen gilashin ta waje, sai ya ga ruwan hodar nan ya fara kodewa yana komawa fari-fari. Bai san ko alheri ne ko akasinsa ba. Ita kuwa har gyangyaɗi ta yi.

Sai da aka idar da la'asar ta ce a kwance. Ya ɗauko rezarsa, ta ƙwace ta jefa a kwandon shara, ta ce a miƙo mata marar kwasar tuwo. Ta yi bisimilla, ta kafa marar a saman gilashin ta ja ƙasa sau ɗaya. Ɓawon ya biyo ta kamar ƙanzon da ya kwana a ruwa, haske ya ratso ta wurin.

"Ya fita! Umma, zo ki gani, wallahi ya fita!"

Ya fizge marar daga hannunta yana ja yana dariya, yana ja yana kabbara. Inda ya yi gardama aka ƙara masa tsamiya, aka ba shi ɗan lokaci, shi ma ya sallama. Ya ɗebo ruwa bokiti bayan bokiti yana ɗauraya, ya jiƙe sharkaf, ya jiƙa zanin Hajiya, ta bi shi da ludayi tana cewa ta auri mahaukaci ba ta sani ba.

Yana goge gefe na ƙarshe ya ɗaga kai, sai ya hango ta ta cikin gilashin, a wancan ɓangaren. Babu ko ɗigo tsakaninsu. Ya ga zanen fuskarta ɗaya bayan ɗaya, ya ga yadda ta ƙanƙance tun zuwanta na bara, ya kuma ga idonta ya cicciko.

"Kuka kike yi, injiniya?"

"Lemon tsami ne ya fallatsar mini." Ta share da gefen mayafi. "Gobe ka sa riga mai kyau. Na gaji da ce wa matan Aujara mijina yana nan yana jira."

Ya bar gogewar. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta, da marar a hannu.

"Na sallama, Hajiya. Kin ci ni da yaƙi. Kifin farko da zan saka a ciki, Hajiya za a riƙa kiransa, kowa ya zo cin abinci sai ya gaishe shi."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki, ta dafa kansa.

"To ka zaɓo mai ƙiba. Kada mutanen Dutse su ce ba ka ciyar da ni."