Ashirin Ɗin Na Wa Ke Nan?

Ba zan taɓa mantawa ba, kai, ko na so ma dangi ba za su bari ba, da ranar sutanans ɗina a Zinder, wato ranar da ɗalibi ke kare aikinsa na kammala karatu a gaban malamai.

Aikina a kan faifan sola ne, amma a cikin ordinata, wato kwamfuta, ake gina shi da wata manhaja. Za ka gaya wa manhajar sinadarai biyun da za ta gauraya, silisiyom da jarmaniyom, sannan ka ba ta adadi guda. Dokarta ita ce, adadin na wanda ka fara rubutawa ne. Ni jarmaniyom nake so kashi ashirin cikin ɗari. Littafin bayaninta kuwa ko buɗe shi ban yi ba (ni da ake kira Injiniya tun ina shekarar farko, me zan karanta?).

Wata shida ina fitar da sakamakon da ya zarce na duk littattafan da na gani. Maimakon in tsargu, sai na aika garinmu Gouna a zo a ga abin arziki. Baba ya zo, ƙanwarsa Inna Hajjo ta zo da mata cike da mota. In na faɗi, sai maimaita shekara, ga su kuma a zaune.

Na zuba Faransanci son raina. Shugabar malaman ta gyara tabarau ta ce in buɗe layin da na haɗa sinadaran.

"Wanne ka fara rubutawa?"

"Silisiyom, Madam."

"To, ashirin ɗin na wa ke nan?"

Innalillahi! Ashe tamanin na zuba na jarmaniyom. Malamai suka shiga kallon juna. Inna Hajjo, da ba ta jin Faransanci, ta ɗauka na ƙure malamai ne, sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ce, "Malama, lafiya?"

Ta juya Hausa: "Lafiya lau, Baba. Ɗanku dawa ya shuka, ya zo yana ba mu labarin gero."

Allah ya saka mata, mako biyu ta ba ni na gyara, na kuma ci. Yau ni ke koyar da wannan manhajar, cikin rufin asiri. Abin da na koya dai shi ne, in aiki ya yi kyau har ya ba ka mamaki, koma layin farko ka duba kafin ka gayyato mai guɗa.