Kawu Dakta da Tiren 'Ya'yan Itace

"Ni da na yi wata uku ina share shagon magani, ƙurajen jaririya ne za su gagare ni?"

Haka kawun matata ya faɗa yana harɗe ƙafa a falonmu. Sana'arsa gyaran fanka, amma Kawu Dakta ake ce masa a dangi, kuma kada ka tambaye ni wa ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa.

Abin da ya kawo maganar, 'yarmu mai wata takwas ce aka markaɗa wa 'ya'yan itace a haɗe ta sha, kumatunta suka yi jawur, ƙuraje suka feso har wuya. A asibiti nas ta ba mu magani, ta ce bayan ta warke a riƙa gwada mata iri ɗaya tak, cokali guda, a jira kwana uku. Idan leɓe ya kumbura, a dawo a guje.

Kawu ya ce wannan aikin malalata ne, kafin yamma zai kamo mai laifin. Ya sa aka jera masa mangwaro, abarba, gwanda, ayaba, lemo da kankana a tire, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shinshina kamar kyanwa a bakin tukunya. Can ya damƙi ayaba, ya ce ga ɓarauniyar nan. Matata ta tuna masa cewa wata biyu ke nan yarinyar na shan ayaba lafiya lau.

Ya ce ai da ma gwada mu yake yi. A miƙo masa yarinyar ya ɗanɗana mata sauran.

Matata ta goya 'yarta ta ɗaure zani tamau.

"To ai jininmu ɗaya da ita," in ji Kawu. "Abin da zai taɓa ta, ni zai fara taɓawa."

Malam, ka ga bincike. Ya shanye mangwaro uku, ya bi da abarba, ya kora da lemo, ya danne da gwanda, kankana kuwa har ɓawon sai da ya kankare. Ya jingina yana gyatsa, ya ce sakamako na tafe.

Ya kuwa taho. Kawu ya fara sosa wuya, ya koma kunne, kafin minti goma leɓensa na sama ya yi suntum ya rufe na ƙasa kamar rumfar shago. Na tambaye shi wanne ne a cikin biyar ɗin da ya ci. Ya ɗaga yatsa zai yanke hukunci, abin da ya fito kawai "bubu-bubu".

Muka kwashe shi sai asibiti. Aka yi sa'a nas ɗin nan ce a bakin aiki. Ta yi masa allura, ta jira leɓen ya ɗan sace, sannan ta tambayi me ya ci. Na lissafa mata. Ta tambayi sana'arsa. Kawu ya dube ni da idon roƙo, na ce gyaran fanka.

Ta leƙa goyon matata, ta ce ƙaramar ta samu sauƙi. Sannan ta nuna Kawu da biro.

"Shi kuma wannan babban, cokali guda, iri ɗaya, kwana uku. Sauran a ɗora su inda hannunsa ba zai kai ba."