Kwamfutar da Ta Tafi da Gonar Bakin Rafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su bushe ba, Baba Direba yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda a gida ake kira Dattijuwa. Ta cika a kan teburin falo bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidan da tsufanta. 'Yarsa ce ta ba shi ita lokacin da ya ajiye tuƙi, don ya daina zaman ƙofar gida yana yi wa motocin mutane gyaran tuƙi da baki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wuce duwatsu da koguna a guje, sai ga shi yana ɗaukar su hoto da waya, yana zama gabanta koyon gyara, tabarau a karan hanci, yatsa ɗaya yana lalube.

An shaide ta da haƙuri. A wurinta ya koyi miƙe hoton da ya karkace har tafki ya daina neman zubewa gefe guda, da fito da bishiya daga duhu, da yanke turken lantarkin da ya yi kutse. Ba ta taɓa yi masa dariya ba, ko a zamanin da yake zuba launi kamar mai fentin mota, sama ta koma shuɗin bula, ciyawa ta yi koren da ko akuya ba za ta amince da shi ba. Iyakarta ta ce "fuuu" da fankarta, ta ci gaba da aiki.

Ciwon ya fara da zafin jiki. Batir ya kumbura, ba ta numfashi sai an jona mata caja. Daga baya aka riƙa jin "ƙis, ƙis, ƙis" can cikinta, sannan shiru. Mai gyara ya buɗe ta, ya duba, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Abin da ke ciki ya tafi da ita."

Abin da ke cikin kuwa gonar mahaifinsu ce ta bakin rafi, shi da yayarsa. Ya ɗauke ta hoto kafin katafila ta baje wurin a shimfiɗa titi. Wayar ta daɗe da ɓata, kuma irin na sabon shiga, bai ajiye kwafi a ko'ina ba. Rani da damina yana kan hoton nan domin yayarsa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, yana rage koren, yana dawo wa rafin da launinsa na gaskiya. Saura ƙiris ya gama. Wannan ne baƙin cikin da ya hana shi cin abinci.

Ta rasu ta bar caja naɗe da salatif, da linzami mai gardama, da hoton gonar guda da aka wanke, gyaransa na farko mai kururuwar launi, wanda ke rataye a ɗakin Yaya. Ya je zai sauke shi don kunya, ta riƙe masa hannu.

"Bar min abina, ƙanena," in ji ta. "Ni da ƙuruciya haka nake ganinta."

Za a kai marigayiyar shagon mai gyara da hantsi, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin Yaya. Baba Direba ba ya son kowa ya zo da komai. Roƙonsa ɗaya ne: duk wanda ya taɓa bi ta bakin rafin nan kafin zuwan titi ya ɗauki hoto, ya taimaka ya kawo. Ko ya karkace, ko ya yi duhu, a kawo shi haka. Yanzu ya iya gyara.