Igiyar Gefen Hagu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran, ranar da na kayar da sabuwar sandar jirgin Mushe Dauda a bakin kogi, a Gaweye cikin Yamai. Ni kaɗai na kayar da ita, da hannuna biyu, mutane suna kallo.

Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. Na dawo daga sojan Faransi da lambar yabo ɗaya da giɓin haƙora uku. Na je ƙauyenmu can wajen Tahoua, na tarar gidanmu ya zama kango, na juyo Yamai. Ban san kowa ba. Ba na jin Zabarmanci, masuntan bakin ruwa kuma ba ruwansu da baƙon da bai iya iyo ba.

Mushe Dauda ("mushe" wato "malam" ne a Faransancinmu) mutumin Dogon Dutsi ne, kirista, ma'aikacin likita. Wani anasara da zai koma gida ya bar masa jirgi: kwale-kwale biyu a haɗe kamar tagwaye, da doguwar sanda a tsakiya inda ake rataya ƙyallen da iska ke turawa. Shi ya ɗauke ni gadi. Ya tambaye ni ko na san jirgi, na ce na ƙetare teku sau biyu. (Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba, a kwance na ƙetare, ina amai a bokiti.) Ya yi mini rumfa kusa da jirgin. Kowace la'asar yakan zo ya zauna, ya ce, "Baba Soja, ina gajiya?" mu sha shayi. A duk garin shi kaɗai ke tambayata gajiya.

Gara ta cinye tsohuwar sandar, don ta itace ce. Wata takwas Mushe yana jiran sabuwa, har ta iso cikin kamyo, babbar motar kaya, daga bakin teku, ta farin ƙarfe, mara nauyi. Ya sa ranar Lahadi don a kafa ta, bayan an taso daga majami'a. Ya gayyato abokan aikinsa da matarsa. Ni kuma na goge lambata da toka na maƙala a ƙirji.

Aikin ba wuya. An dasa gindin sandar a kan ƙarfen da ya haɗa kwale-kwalen biyu. Mutum uku suna ɗaga ta daga baya, ɗaya yana ja daga gaba. Akwai igiya a kowane gefe don kada ta karkata kafin a ɗaure wayoyinta. Ta hagu aka ba ni. Mushe ya gaya wa baƙinsa wai nan bai da fargaba, tsohon matuƙi ne a kai. Ban musa ba.

Sanda ta tashi. Ashe na ja da yawa, ta fara karkatowa wajena. Mushe yana magana da ni da Hausa kullum, amma zancen jirgi da Faransanci ya koye shi, kuma ga manyan baƙi. Sai ya daka mini tsawa: "Lash! Lash!"

To, ni Faransancina na bariki ne. Kalmar nan na san ta sarai. Ita sajanmu ke jifan mu da ita idan mutum ya noƙe a rami: matsoraci. Na ji ta daga bakin anasara shekara tara na haɗiye. Yau kuma daga bakin abokin shan shayina, gaban matarsa? Na ce a raina bari ya ga matsoraci. Na naɗe igiyar a damtse, na kafa diddige cikin taɓo, na ja da duk ƙarfin da yaƙi ya rage mini.

Sandar ta zo. Ta wuce ta kusa da kunnena, ta daki dutsen masu wanki, ta lanƙwashe kamar gwiwar raƙumi. Ni kuma ina rigingine cikin taɓo, ƙafafu sama, igiya har yanzu a hannuna. (Ban sake ta ba, wannan dai a shaide ni.) Masu wanki suka yi dariya har wata ta zauna cikin ruwa.

Mushe bai zage ni ba. Ya tsuguna ya tambaya a hankali me ya hana ni saki. Na ce ni ba matsoraci ba ne. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane. "Haba, Baba Soja," ya ce, "cewa na yi ka saki. Kalma ɗaya ce, ma'ana biyu."

Washegari da la'asar ya zo da shayinsa kamar kullum. Na hango shi daga bayan wata itaciya, ƙunshina a kafaɗa. Ya zauna, ya zuba kofi biyu. Ban fito ba. Harsashi bai kore ni daga rami ba, kunya ta kore ni daga rumfa. Abin da ya kira ni da shi a zatona, ranar nan na cancance shi.

Tun daga nan, in aka yi mini tsawa da yaren da rabinsa kawai na sani, nakan tambaya kafin in ja. Yanzu ina gadin wani gida a unguwar Banifandou, nesa da ruwa. Shayi ina dafawa, kofi ɗaya.