Ranar da Na Je Kama Madam

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai na sa ɗiyata Hadiza lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Yantala. Sati uku ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba, kullum sai zura duwatsun wuya a zare. Ni ɗan kasuwar Maradi ne, ba a yi mini wayo. Nan take na gane malamarsu sayar da sarƙoƙin take yi. Har kasuwar Katako na zaga ina leƙen tiren mata ko zan gan su.

Na sa farar rigata, na faɗa ajin.

"Madam, karatu na kawo ta ko ƙwadago?"

Ta ce, "Alhaji, yatsunta muke sassautawa don ta iya riƙe alƙalami."

Na ce, "Riƙon alƙalami har sai an koya?"

Ta miƙo mini nata. Na tsoma a tawada, na danna. Bakin ya karye, tawada ta wanke mini gaban riga. Hadiza ta turo mini kwanon duwatsunta, ta ce, "Baba, fara da manyan."

Har yau in takarda ta zo in sa hannu, sai matata ta ce, "Malam, a kawo maka manyan?"